Rigar matashi mai hotunan 'yan wasan besbol: a farke ta ko a bar ta?

"Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio. Ranar Asabar na je gwanjon kayan gidan wata tsohuwa da ta rasu, na sayi wata tsohuwar rigar matashi a kan dala takwas, don kawai ɗinkin hannun da aka yi mata ya burge ni. An harhaɗa ta ne da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu guda goma sha shida. Huɗu tutocin ƙasashe ne, sauran goma sha biyun kowanne da hoton ɗan wasan besbol da sunansa da garinsu. Waɗanda na iya karantawa su ne Chance na New York, Maranville na Boston, Stengel na Brooklyn, sai Chapman da Jackson na Cleveland. Babu sunan kamfani, babu shekara. Maigida ya ce in wanke ta, in farke ɗinkin mu sayar ɗai-ɗai, wai ƙila akwai kuɗi a ciki. Mene ne wannan abu, daga ina ya fito, kuma wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu shiga tarihi, ki gaida min maigida, ki ce masa Kawu ya ce a dakata: kada ruwa ya taɓa rigar nan, kada reza ta kusance ta. In kin riga kin jiƙa ta, to Allah ya kiyaye gaba, ki shimfiɗa ta a inuwa a kan farin tawul, ba matsa ba guga.

Idan na fahimce ki, abu uku kike nema. Ki san sunan abin da asalinsa, ki san ko na gaske ne, sannan ki san wanne ya fi, a bar shi a haɗe ko a raba. Na farkon mai sauƙi ne, domin sunayen da kika lissafa sun riga sun tona asirinsa. Na biyun yana son ido da hannu. Na ukun kuwa shi ne wanda zan fi daɗewa a kai, don a nan mutane suke yi wa kansu ɓarna.

Kyautar kwalin sigari

Abin da ke hannunki ba daga filin wasa ya fito ba, daga shagon mai taba ya fito. Tun cikin shekarun 1880 kamfanonin sigari na Amurka, irin su Allen & Ginter da masu Old Judge, suka fara saka ɗan kati a cikin kwali. Katin yana tallafe kwalin don kada karan sigari ya kakkarye, sai suka ga ai ana iya buga hoto a kai a ja hankalin mai saye. Aka buga 'yan wasan kwaikwayo, tsuntsaye, tutoci, 'yan dambe, da 'yan besbol, wato wasan ƙwallo da sanda na Amurka. Mafi shahara a cikinsu su ne katunan da kamfanin American Tobacco ya fitar daga 1909 zuwa 1911, guda 524, waɗanda a cikinsu katin Honus Wagner yake, wanda aka sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Labarin wannan kati shi ne yake hana mutane barci duk lokacin da suka tsinci tsohon abu mai hoton ɗan besbol, kuma ina zaton iskarsa ce ta kaɗa maigida.

A 1911 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba da umarnin a wargaza American Tobacco saboda ya mamaye kasuwa shi kaɗai. A 'yan shekarun da suka kewaye wannan lokaci kyautar cikin kwali ta wuce kati. Aka shiga ba da ƙyallen siliki, da 'yar fata, da bajon maƙalawa a riga, da kuma ƙyallen auduga mai laushi mai gashi-gashi kamar na bargon jariri. Dabarar a bayyane take. Namiji ne yake shan tabar, amma mace ce take son ƙyallen. Idan uwargida tana neman ƙarin guda shida ta cike rigar matashi, ita za ta yanke irin sigarin da za a sayo gidan. Shi ya sa kika ga tutocin ƙasashe a haɗe da 'yan wasa a rigarki: duk daga hanya ɗaya suka shigo gidan, matar ta ɗinka abin da ta tara.

Na 'yan besbol ɗin an fitar da su ne a 1914 tare da sigarin da ake kira Egyptienne Straights. Sunan Masar ɗin talla ce kawai, yayin zamanin ne a laƙaba wa sigari suna mai ƙanshin Gabas. Masu tara irin waɗannan kaya suna kiran su B18. Lambar ta samo asali ne daga wani mutum mai suna Jefferson Burdick, ɗan jihar New York, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tsara waɗannan tarkace a kundin da ya zama madogara, American Card Catalog. Shi ya ba kowane iri harafi: T na katunan taba na ƙarni na ashirin, E na katunan alewa, B kuma na waɗannan ƙananan barguna. Tarinsa yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, can ya kai shi da kansa kafin ya rasu a 1963. Idan za ki yi bincike a intanet, ki rubuta B18 da 1914 da sunan ɗan wasan, hotunan za su fito ki gwada da naki.

'Yan wasa casa'in ne a cikin jerin, tara-tara daga ƙungiyoyi goma: Cleveland, Detroit, Washington, Pittsburgh, Brooklyn, Boston Braves, ƙungiyoyin New York biyu da na St. Louis biyu. Babu Chicago, babu Philadelphia, babu Boston Red Sox.

Yadda sunaye suke faɗin shekara

Kin ce babu shekara a jiki. Akwai, sai dai ba da lamba aka rubuta ta ba. Wannan ita ce dabarar da nake fara amfani da ita a kan kowane tsohon kayan besbol da aka kawo min, kati ne ko bajo ko hoto: ɗan wasa yana sauya ƙungiya, don haka sunansa haɗe da garinsa taga ce ta lokaci. Kowane suna yana ba ka taga ɗaya, idan ka jera su sai ka ga inda duk suka haɗu.

Ɗauki Frank Chance. Sunansa a Chicago Cubs ya yi shi, can ya yi shekarunsa na ganiya. New York kuwa shekara biyu kacal ya yi yana jagorantar Yankees, 1913 da 1914. Da ganin Chance da New York a ƙyalle ɗaya, tagar ta riga ta tsuke zuwa shekara biyu. Joe Jackson yana Cleveland har watan Agusta na 1915 da aka mayar da shi Chicago White Sox. Casey Stengel ya buga wa Brooklyn daga 1912 zuwa 1917. Rabbit Maranville yana Boston Braves, ƙungiyar da a watan Yuli na 1914 take can ƙasan tebur, amma kafin shekara ta ƙare ta ɗauki kofin World Series, wato karawar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol na shekara, ta lallasa Philadelphia Athletics wasa huɗu a jere. Duk sunayenki biyar sun zauna daidai a 1914, babu wanda ya yi tsalle ya fita.

Wannan dabara tana kama maƙaryaci ma. An taɓa kawo min wani ƙyalle mai irin wannan zane da hoton Babe Ruth, mai shi yana rantsuwa daga akwatin kakansa ya ciro. Ban ko ɗauko gilashi ba. Ruth ya fara buga babbar gasa a watan Yuli na 1914 yana yaro ɗan shekara goma sha tara, a Red Sox, ƙungiyar da ma ba ta cikin goman. Ƙila kakan nasa da gaske ya ajiye shi, amma wani ne ya ƙirƙire shi daga baya ya sayar wa kakan.

Biyu daga cikin sunayenki suna ɗauke da labari mai nauyi. Ray Chapman shi ne wanda ƙwallo ta same shi a ka a filin Polo Grounds na New York a watan Agusta na 1920, washegari ya rasu. Jackson kuwa, wanda ake wa laƙabi da Shoeless Joe, yana cikin 'yan White Sox takwas da aka zarga da karɓar kuɗin 'yan caca don su sayar da World Series na 1919, aka kore su daga besbol har ƙarshen rayuwarsu. Korar ta katse wasansa, kayan da ke ɗauke da hotonsa na zamanin da yake bugawa ba su da yawa, masu nema kuma sun yi yawa. Shi ne tsoka a miyarki.

Ki kuma lura, duk fuskokin nan farare ne. A 1914 ba a barin baƙar fata ya buga wa waɗannan ƙungiyoyi, sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge a Brooklyn, ƙungiyar da Stengel ɗinki ya taɓa bugawa. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na shimfiɗa irin waɗannan ƙyallaye a tebur.

Na gaske ne ko jabu?

Ki ɗauko tef ɗin tela. Cikakken B18 yana kai wa inci biyar da kwata kowane ɓangare, wato wajen santimita goma sha uku. A jikin riga za ki ga ya gaza haka, saboda bakin ya shige cikin ɗinki, wani lokaci kuma mai ɗinkin ta datse shi da almakashi don ya daidaita da maƙwabcinsa. Ki juya rigar ciki waje a hankali ki ga ko bakin yana nan a naɗe ko an yanke. Wannan bambanci yana da girma a wajen farashi.

Sai ki duba bayan ƙyallen. Ba a buga komai a baya ba, sai dai inuwar rinin da ya ratso daga gaba. Na gaske launinsa ya shiga cikin zaren, idan kika shafa yatsa ba za ki ji wani abu ya hau kan yadin ba. Na zamani da aka buga da injin kwamfuta, ko aka manna da dutsen guga, yakan yi santsi kamar leda, kuma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, za ki ga ɗige-ɗige ƙanana masu launi daban-daban a warwatse. Ki kuma nemi layin ninki. A ninke suke zuwa tare da kwalin, kuma sau da yawa alamar tana nan ko bayan shekara ɗari, ko da yake waɗanda aka ɗinka aka goge tasu takan dushe.

Akwai kuma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Daga wajajen shekarun 1950 masana'antu suka riƙa zuba wa takarda da yadi wani sinadari mai ƙara fari, wanda yake ƙyalli idan wannan haske ya sauka a kansa. Kayan 1914 ba su da shi, don haka sukan yi shiru a duhu. Amma a nan akwai tarko, kuma shi ne dalili ɗaya da ya sa na ce kada a wanke. Garin sabulun wanki na yau yana ɗauke da wannan sinadari. Ki wanke ƙyalle na gaske da shi sau ɗaya, sai ya koma yana walƙiya a ƙarƙashin fitila kamar wanda aka yi jiya, ki shiga rantse-rantse a gaban mai saye a kan gaskiyarki. Ga kuma rinin da yake iya zuba, ja ya hau fari, ya ɓata maƙwabta.

Ita kanta rigar shaida ce, kuma shaidar da ta fi ƙarfi a wajena. Mai yin jabu yana bin suna mai tsada. Ba zai zauna ya ƙirƙiri 'yan wasa goma da ba wanda ya san su, ya haɗa da tutoci huɗu, ya bi su da allura ɗinkin hannu, sannan ya bar ta a gwanjon dala takwas ba. Tunda ɗinkin hannun ne ya burge ki, ki dubi zaren. Na auduga ko siliki da ya tsufa yakan dushe, yana tsinkewa da ɗan ja kaɗan. Zaren roba mai sheƙi alama ce ta cewa an yi gyara daga baya, ko an sake haɗa ta, kuma hakan ba ya nufin ƙyallayen jabu ne. Ki dubi tutocin ma: idan akwai ta ƙasar da ba ta wanzu ba sai bayan yaƙin duniya na farko, to akwai abin tambaya.

Wani abu da za ki duba da rana, kusa da taga, shi ne launi. An buga yawancin 'yan wasan da launi fiye da ɗaya. Jackson akwai mai 'yan tutocin ado na cikin zanen ruwan ɗorawa, akwai mai ruwan shanshanbale. 'Yan Boston da Detroit kuwa akwai mai farar tsakiyar fili, akwai mai ruwan ƙasa, sannan akwai mai ja, wanda shi ne ba kasafai ake samu ba. Maranville ɗinki ɗan Boston ne, don haka ki duba shi da kyau. Sai dai kada ki yi saurin murna, ruwan ƙasa da ya sha rana yakan yi kama da ja a hoton waya, kuma na sha ganin wanda ya yi guɗa da safe ya yi tagumi da yamma.

To, a farke ko a bari?

Maganar maigida ba ta banza ba ce. Gaskiya ne a kasuwa Jackson shi kaɗai yana iya fin sauran goma sha biyar ɗin a haɗe, kuma masu tara B18 ɗai-ɗai suke nema don cike gurbi. 'Yan wasan da ba su yi suna ba 'yan goman daloli ne, manyan suna ne suke hawa ɗaruruwa zuwa sama idan suna da kyau. Kuskuren lissafin shi ne farashin da za ku gani a intanet na waɗanda allura ba ta taɓa su ba ne. Wanda aka ciro daga riga yana fitowa da jerin huji a bakinsa, da bambancin launi tsakanin inda ya sha haske da inda ya ɓuya a ɗinki, wani lokaci da datsattsen baki. Mai saye yana ganin wannan daga nesa, kuma zai kakkarya farashin. Farkewa ba ta mayar da shi sabo.

Ni kaina na taɓa yin wannan ganganci, farkon shigata sana'ar. Wani bargo na saya mai irin waɗannan ƙyallaye kusan talatin, na zauna da dare da reza ina bin zare ɗaya-ɗaya don in ciro guda biyu masu suna. Na farko ya fito lafiya. Na biyun, ashe zaren ne kaɗai yake riƙe da shi, yadin ya riga ya ruɓe ta wajen ninki. Ina ɗagawa ya rabu biyu a hannuna kamar jiƙaƙƙen biredi. Sauran da suka rage kuma sun zama tsummoki masu huji, na sayar da su a leda ɗaya a kan kuɗin da bai kai abin da wata mata mai tara tsofaffin barguna ta taya bargon yana ɗaya ba. Ita ba ta san Chance daga Stengel ba, aikin hannun take so.

Abin da mutane suke mantawa ke nan: rigar a haɗe kasuwa biyu gare ta, ta masu besbol da ta masu tara ɗinkin matan da. A rarrabe kuwa kasuwa ɗaya ce, kuma a cikinta naku ne masu aibi. Saboda haka ra'ayina a bar ta yadda take. Hali ɗaya ne zan yarda a yi tunanin raba ta: idan an tabbatar Jackson na gaske ne, bakinsa cikakke a naɗe ba a yanke ba, launinsa bai mutu ba, kuma rigar kanta ta riga ta lalace ta wasu wurare har ba ta da kyan gani. Ko a nan ma ba ke za ki farke ba ko da kin iya ɗinki, mai gyaran tsofaffin yadudduka za a kai wa, kuma bayan an ji ta bakin wanda zai sayar.

Ga yadda za ki bi. Ki ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, da tef a gefe don a ga awo, sannan kowane ƙyalle shi kaɗai, musamman Jackson da Maranville. Ki aika wa manyan gidajen gwanjon kayan wasanni guda biyu ko uku, irin su Heritage da ke Dallas ko Robert Edward Auctions, ki tambaye su yadda za su fi son sayar da ita da kuma kasonsu. Kada ki tsaya a kan bakin mutum ɗaya, kuma kada ki sayar wa wanda ya yi miki ƙiyasin nan take, don mai taya ba ya yabon kaya. A kasuwar intanet ta eBay kuma ki dubi abin da aka riga aka sayar, ba abin da ake kira ba, kowa yana iya kiran miliyan.

Idan akwai hali, ki koma wajen waɗanda suka shirya gwanjon ki tambayi abin da dangin suka sani. Tsohuwar da ta rasu da wuya ita ta ɗinka, sai dai mahaifiyarta ko kakarta. Duk abin da suka faɗa ki rubuta a takarda da kwanan wata, ki haɗa da rasidin dala takwas ɗin. Irin wannan bayani idan aka bar shi wata shida ya tafi ke nan.

Iyakar abin da zan iya daga nan

Daga bayaninki na gamsu cewa B18 na 1914 kike kwatantawa. Amma ban riƙe ta ba, ban ji nauyin yadin a yatsa ba, ban shinshina ta ba, kuma tabbatar da ƙyalle ɗaya-ɗaya aikin hannu ne. Farashi ma ba zan yanka miki ba, domin rabin inci na datsa a bakin Jackson yana iya raba kuɗinsa biyu ko fiye.

Kafin amsa ta zo daga gidajen gwanjon, ki cire matashin idan akwai a ciki, ki shimfiɗa rigar a kwance tsakanin fararen zannuwa biyu na auduga waɗanda aka ɗauraye da ruwa zalla, ko takardar ajiya marar asid da ake sayarwa a shagunan kayan zane. Ba a ledar shara ba, ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, damshin Ohio lokacin zafi ba ya raga wa yadi. Kada ki rataye ta a bango inda rana take faɗowa, kada ki jingina ta da kafur kai tsaye. Idan ƙura ce ta dame ki, ki shimfiɗa mata ɗan yadin gidan sauro a kai, ki bi ta sama da injin zuƙar ƙura a ƙaramin ƙarfi ba tare da bakinsa ya taɓa ta ba. Sannan ki turo min hoton Maranville ɗin, wanda za ki ɗauka kusa da taga, ina son in ga launin tsakiyar nan da idona.